Na ba kaina maki 4 cikin 10, Goggo, ko in haƙura da aure?

Assalamu alaikum Goggo. Ni Bahaushe ne haifaffen Makka, shekaruna 31. Kakana ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina ta hanyar Sudan, kuma har yau da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, muke zaune a Saudiyya. Akanta ne ni a wani kamfani mai kula da masaukin alhazai. Gajere ne ni, baƙi, gashin gaban kaina ya fara zubewa. Wata 5 da suka wuce na shiga wata manhajar neman aure ta Musulmi. Na rufe hotona, sai wadda muka ɗan yi nisa da ita nake buɗe mata. Da yake lissafi ne aikina, komai na rubuta shi a jadawali. Na aika saƙo ga mata 74, duk waɗanda suka sa hoto kuma na ba su maki 7 zuwa sama. Guda 6 suka amsa, 3 na buɗe wa hotona, 2 ba su sake ce min uffan ba, ta ukun kuma ni na janye don ba ta kwanta min ba. Sai wani abokina ya turo min binciken da ya ce mata suna ganin kashi 80 cikin 100 na maza ba su kai matsakaici ba a kyau. Na auna kaina, na ba kaina 4 cikin 10. Yanzu mahaifiyata ta matsa in je shufa, wato ganin ido da ake yi a gaban iyaye kafin neman aure, gidan wasu tsofaffin maƙwabtanmu, suna da 'ya ma'aikaciyar jinya. Na ƙi, don ba zan iya jure a ƙi ni ido da ido ba. Tunanina uku ne: in tara kuɗi in je Turkiyya dashen gashi, ko in je Nijeriya in auro wadda zaman Saudiyya zai sa ta yarda da ni, ko in haƙura da auren kwata-kwata. Alƙaluma ba sa ƙarya, Goggo. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne 4 ɗin nan da ka ba kanka. Na yi shekaru ina koya wa 'yan mata lissafi a nan Makka, na san yadda maki yake zama a ƙirjin yaro idan ya yarda da shi. Ba zan lallashe ka da cewa kyau ba komai ba ne, don da na faɗi haka da ka ajiye wayar, kuma da gaskiyarka. Zama za mu yi mu duba jadawalin nan naka layi-layi, kamar yadda nake duba takardar jarrabawa.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. A 1966 wata mai bincike, Elaine Walster, da abokan aikinta suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a Jami'ar Minesota ta Amurka. Sun shirya wa sababbin ɗalibai 752 liyafar rawa, aka ce musu kwamfuta ce za ta haɗa kowa da wanda ya dace da shi, alhali haɗa su kawai aka yi. Tun kafin ranar an auna basirarsu da halayensu, an kuma sa wasu sun ba su makin kyau ba da saninsu ba. Da liyafa ta kai tsakiya aka tambayi kowa ko yana son sake ganin wanda aka haɗa shi da shi. Abu guda ne ya yi aiki, shi ne kyau. Basira ba ta yi ba, hali bai yi ba, ga mazan da matan duka. Addininmu ma bai ɓoye wannan ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya lissafa kyau cikin abubuwa huɗu da ake auren mace dominsu, ya ce wa Mugira ɗan Shu'uba ya je ya dubi wadda zai aura, kuma da matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta zo ta ce ba ta zargin mijinta a hali ko a addini amma ba za ta iya zama da shi ba, gonarsa aka ce ta mayar masa aka raba su. Zancen launi kuwa ni da kai ba sai an faɗa mana ba. Na sha jin uwa baƙa wuluk irina tana ce wa hattaba, wato mai haɗa aure, ta nemo wa ɗanta fara, doguwa, mai gashi, kuma duk ranar da na ji sai zuciyata ta yi zafi.

To, wannan kashi 80 da ya hana ka barci, na san inda ya fito. Wani dandalin haɗa masoya ne na Amurka mai suna OkCupid ya fitar da shi a 2009, lokacin da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Christian Rudder, yake tona alƙaluman masu shiga dandalin yana rubutu a kansu. Gaskiya ne matan sun jefa kusan kashi 80 cikin 100 na mazan ƙasa da matsakaici. Sai dai abokinka rabin shafi ya turo maka. Da aka duba su wa matan suke rubuta wa, an ga ba su bi makin nan sau da ƙafa ba, saƙonninsu da yawa sun tafi ga mazan da su da kansu suka ba ɗan maki kaɗan. Mazan kuwa sun yi adalci wajen ba da maki, amma da aka zo aika saƙo sai kashi 2 cikin 3 na saƙonninsu suka taru a kan kashi 1 cikin 3 na matan, waɗanda suka fi kyau. Tsaurin mace a baki ya tsaya, ruwan ido kuma wajen maza ya fi yawa.

Ka ga kanka a ciki, ɗana? Mata 74, kowacce ka ba ta 7 zuwa sama. Ba kai kaɗai ke yin haka ba. A 2018 Elizabeth Bruch da Mark Newman na Jami'ar Mishigan sun bi saƙonnin masu neman juna a birane 4 na Amurka, suka gano maza da mata duka suna kai ƙoƙon bararsu ga wanda ya fi su farin jini da kusan kashi 25 cikin 100. Wata mata guda a Niyu Yok ta samu saƙo 1,504 cikin wata ɗaya, wato saƙo ɗaya duk rabin awa, dare da rana. Wa za ta amsa wa? Ƙofar da kowa ya yi cincirindo a bakinta ita ka je kana sallama, shirun da ka ji kuma ka ɗauka hukunci ne aka yanke wa fuskarka.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sau uku na karanta. Kai da bakinka ka ce hotonka a rufe yake. Cire 6 daga 74, saura 68. Mata 68 ɗin nan da suka yi shiru, ko ɗaya ba ta ga fuskarka ba, ba ta ga tsawonka ba, ba ta ga gaban kanka ba. Abin da suka gani shekarunka ne, da aikinka, da gurbin nan da ake rubuta ƙasar mutum. Ka san 'yar ƙasa ba ta auren wanda ba ɗan ƙasa ba sai da izinin hukuma, kuma 'ya'yanta ba sa samun shaidar zama 'yan ƙasa kai tsaye ta wajenta. Ka san gidaje nawa ne suke fara tambayar dangi da ƙabila kafin su tambayi sallar mutum. Wasu daga cikin matan ma sun daɗe da barin manhajar, sunan ne kawai ya rage. Ban ce zancen takarda ya fi na fuska daɗi ba, yana da nasa ciwon, mu da aka haifa a nan muka tsufa muna sabunta iƙama mun san shi. Amma ciwon daban ne, kuma likitan dashen gashi ba shi da maganinsa.

Waɗanda suka ga fuskarka su 3 ne. Da wani zai kawo maka rasit 3 a ofis ya ce ka rufe lissafin shekara da su, da ba ka saurare shi ba. Cikin 3 ɗin ma ɗaya ta gan ka ta ci gaba da magana, kai ka tafi. Ba zan ce maka kashi 33 cikin 100 na mata suna son ka ba, don mutum 3 ba su isa a gina komai a kansu ba. Amma in ba su isa su wanke ka ba, ba su isa su kama ka da laifi ba. Ita kuma baiwar Allah ta ukun nan, in shiru kawai ka yi mata kamar yadda aka yi maka, ka koma ka rubuta mata layi biyu na ban haƙuri da addu'a. Wataƙila ita ma tana can ta ba kanta 4 saboda kai.

Makin da kansa ma akwai gyara a cikinsa. Idan mutum 10 suka ba ka maki aka raba aka samu 4, ba a gaya maka ko duk su 10 ne suka ce 4 ba, ko kuwa 7 sun ce 2 ko 3 wasu 3 sun ce 8. Ga mai neman aure bambancin nan shi ne komai, don ba taron jama'a za ka aura ba, mace ɗaya kake nema. A 2015 wata mai bincike, Laura Germine, da abokan aikinta sun sa dubban mutane sun ba fuskoki maki, suka ga kusan rabin abin da mutum yake kira kyau ne kawai ya yi tarayya da sauran jama'a a kansa, ɗaya rabin nasa ne shi kaɗai. Har tagwaye masu kama ɗaya an samu sun sha bamban, abin da kowa ya gani ya saba da shi a rayuwarsa ne ya fi gado tasiri. Shi OkCupid ɗin ma a 2011 ya nuna cewa matan da maza suka yi saɓani a kan kyansu, wasu su ce ta haɗu wasu su ce sam, sun fi samun saƙo a kan waɗanda kowa ya ce ba laifi. Bahaushe ya daɗe da raba waɗannan abubuwa. Akwai kyau, akwai farin jini, akwai kuma a ce jininsu ya haɗu, kuma na ukun nan ba a taɓa jin an ce sai kyawawa ba.

Binciken da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne na 2015 da Lucy Hunt da Paul Eastwick da Eli Finkel suka yi a kan ma'aurata da masoya guda 167. Sun tambayi kowane biyu tsawon lokacin da suka san juna kafin soyayya ta shiga, suka kuma sa wasu daban suka ba su makin kyau. Waɗanda suka fara soyayya cikin wata guda da haɗuwa, kyansu ya zo kusan daidai, kyakkyawa da kyakkyawa, matsakaici da matsakaiciya. Amma duk yadda sanayya ta daɗe sai daidaiton ya riƙa raguwa, har ga waɗanda suka kai kamar wata 9 da sanin juna makin ɗaya ba ya gaya maka komai a kan makin ɗayan. Sabo ya canza ma'aunin. Ka koma kan ɗaliban Minesota, 'yan sa'o'i suka yi tare cikin kiɗa da hayaniya, me suka sani game da juna in ba fuska ba? Manhaja ta fi wannan ma gajarta, daƙiƙa biyu ne da ɗan yatsa. A ranar 15 ga Janairun 2013 OkCupid ya cire duk hotuna daga dandalin na wasu sa'o'i, sai amsa saƙon farko ya ƙaru da kashi 44 cikin 100, hira ta yi daɗi, da aka dawo da hotunan kuma hirarraki da yawa suka mutu nan take. Alƙaluman ba su yi ƙarya ba, kamar yadda ka ce. Sun faɗi abin da baƙo yake yi idan ya ga hoton baƙo, iyakarsu ke nan.

Za ka ce a ƙasar nan ina saurayi zai samu wata 9 yana sabawa da budurwa. Ai wannan aikin unguwa ce take yi mana shi tun da. Lokacin da muke cunkushe a unguwannin Shara Mansur da Hindawiyya na Makka, kafin rusau ya watsa mu kowa ya kama gabansa, yarinya ba ta taɓa zama da saurayi ba amma ta san shi ciki da bai. Ta ji muryarsa yana gaida tsofaffi a bakin mai tsire, yayanta ya yi makarantar allo da shi, innarta ta san wa ke kai mahaifiyarsa asibiti da wa ke guduwa ranar da aka yi rasuwa. Watsewar nan ce ta jefa ku cikin manhajoji, inda kowa baƙo ne. Gidan da mahaifiyarka take nuna maka kuwa ba baƙo ba ne kai a can. Sun san tsawonka tun kana yaro, sun san launinka, kuma da wuya uwa ta kai ga zancen shufa ba ta fara jin ta bakin matan gidan ba. Wata 9 ɗin da Turawa suka auna, kai shekaru ka tara a gidan nan, sai ga shi shi kaɗai ne ka ƙi zuwa.

Tsoron a ƙi ka ido da ido ma bari in cire maka shi, don ba haka ake yi ba. Za ka zauna da mahaifinta ko yayanta, a sha gahawa da dabino, ta shigo ta gaishe ku, ku yi 'yar magana, ka tafi. In ba ta so, bayan kwana biyu ko uku mahaifiyarta za ta kira taka ta ce babu rabo, shi ke nan, ba mai ambaton dalili. Zai yi zafi, ba zan ce ba zai yi ba, amma zafin mako guda ne.

A falona aka yi shufar 'yar ƙanwata, ina leƙe ta bayan labule. Saurayin ba wanda za a juyo a sake kallo ba ne, siriri, haƙoransa na gaba sun ɗan fito, yana zaune a bakin kujera gumi na tsattsafo masa duk da sanyin na'ura. Ta shigo da faranti, hannunta na rawa har kofunan suna ƙara, tana sunkuyowa sai kofin lemon mangwaro ya tuntsure a kan farar jallabiyarsa, tun daga gwiwa har ƙasa. Na ga idonta ya ciko. Sai ya miƙe ya karɓi farantin daga hannunta, ya dubi mahaifinta ya ce laifinsa ne, shi ya miƙa hannu da wuri. Duk wanda ke falon ya ga bai motsa ba. Da dare na tambaye ta yaya ta gan shi, ta ce, "Goggo, ya rufa min asiri." Kafin shi ta ƙi wani dogo fari da duk dangi suka yaba, don rabin zaman idonsa na kan waya. Yau 'ya'yansu 3, kuma in ka ce mata mijinta ba kyakkyawa ba ne faɗa za ku yi na gaske.

Dashen gashi ba zan hana ka ba, malamai da dama sun halatta shi, kuɗinka ne kuma. Sai dai kada ka jingine aure a kansa, don sai ya kai kusan shekara kafin a ga amfaninsa, kuma bai taɓa ko ɗaya cikin 68 ɗin nan ba. Zuwa Nijeriya shi ya fi damuna. Auren 'yar gida ba laifi ba ne, akwai 'yan mata na gari a Katsina da Kano da za su so ka don Allah. Niyyar ce ba ta yi min ba. Kai da kanka ka rubuta cewa wadda zaman Saudiyya zai sa ta yarda kake nema, wato tun kafin ka gan ta ka yanke cewa ba kai take so ba. A 2020 Samantha Joel da Eastwick ɗin nan sun haɗa bincike 43 da suka shafi ma'aurata da masoya sama da 11,000, suna neman abin da ya fi nuna wa zai ji daɗin zamansa. Cikin abubuwan da suka zo kan gaba akwai mutum ya yarda cewa abokin zamansa da gaske yake riƙe da shi, da kuma ganin ƙimar juna. Mijin da ya shiga ɗaki da zargin cewa Ka'aba aka aura ba shi ba, duk murmushin da ta yi masa sai ya nemi farashinsa, kuma zai wahalar da 'yar mutane a ƙasar da ba ta da kowa. Ga kuɗin zama na iyali, riyal 400 duk wata a kan kowane mutum, da za ka riƙa biya kana ƙirgawa a zuciyarka. Haƙura da aure kuwa a shekara 31 saboda mata 2 sun yi shiru, wannan ban ma karɓe shi a matsayin shawara ba.

Ka rufe jadawalin nan, ka bar manhajar ta huta ko da wata 3 ne. Ka yi istihara. Ka je aski kwana biyu kafin ranar, a rage gashin sosai kada ka tsaya ɓoye gaban kai, a goge jallabiya, turare kaɗan, in kana da kyau ka ƙara da wanka, in kana ganin ba ka da shi wankan ya fi zama dole. Waya ta zauna a aljihu. Ka gaya wa mahaifinta gaskiyar albashinka da matsayin iƙamarka tun kafin ya tambaya. In ta shigo ka ɗaga ido ka dube ta, halal ne, amma don Allah kada ka ba ta maki a zuciyarka, ka tambaye ta yadda take fama da aikin dare a asibiti, ka saurari amsar har ƙarshe. Kai ma kana da damar ka ce babu rabo in zuciyarka ba ta karɓa ba, sai dai ka bari ka kwana biyu kafin ka faɗa. In Allah ya sa an daidaita, ku yi gwajin jini kafin milka, wato ɗaurin aure, wanda gwamnati ta wajabta tun 2004 saboda sikila da makamantanta, mu Hausawa muna da buƙatarsa sosai.

Ka rubuto min bayan ka je, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, ina so in ji. Ka gaida min mahaifiyarka, ka ce mata ta kira gidan su sa rana.